Ƙaramin jirgin ruwa mai tururi da rimot: ta ina ake farawa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na saba haɗa ƙananan jiragen ruwa masu batir da rimot, yanzu kuma ina son in yi wanda zai yi tafiya da tururi na gaske, tsawonsa kamar mita 1. Na riga na sayi katako zan fara gangar jirgin. Tukunyar tururin kuwa ina tunanin in yi ta da gwangwanin maganin sauro ko bututun tagulla, in liƙe da dalma. Ta ina zan fara, kuma me da me ake sawa a ciki?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Katakon nan da ka saya, ajiye shi tukuna, ba zai lalace ba. A jirgin batir kana iya gama gangar jirgi sannan ka nemi injin da zai shiga, domin injin lantarki da batirinsa ba su da wani nauyi, kuma duk lungun da ka cusa su za su zauna. Jirgin tururi bai yarda da haka ba. Tukunya da inji da tankin gas da ruwan da ke ciki za su kai kilo 3, wani lokaci su wuce, ga zafi, ga tsawo, kuma dole hannunka ya iya kai wa kowane bawul yayin da wuta ke ci. Saboda haka kayan tururin ake fara tarawa, a ɗora su a sikeli, a auna tsawo da faɗi, sannan a zana jirgin da zai ɗauke su. Tela ma sai ya auna mutum yake sa almakashi a yadi.

Bari in fara da gwangwanin nan, don shi ne ya fi tayar mini da hankali a tambayarka. Kada ka kuskura. Ruwa a tukunyar girki yana tafasa a digiri 100, amma idan aka rufe shi matsi ya kai ba 3 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne), wanda shi ne kusan abin da irin waɗannan ƙananan injuna ke aiki da shi, zafinsa ya kai digiri 143 kuma yana nan a ruwansa. Da tukunyar ta tsage, matsin ya faɗi, wani kaso na ruwan nan take zai rikiɗe ya koma tururi, tururi kuwa yana cin wuri fiye da ruwa sau 1,600 da 'yan kai. Abin da ke sa fashewar tukunya ta yi muni ke nan, ko da 'yar ƙarama ce. Ɗauki tukunya mai faɗin milimita 75: a ba 3, murfinta kaɗai yana ɗauke da turi na sama da kilo 120. Dalmar da masu gyaran rediyo ke liƙi da ita tana fara narkewa a wajen digiri 183, kuma tun kafin ta kai nan ta riga ta saki jiki. Ranar da ruwa ya ƙare wuta na ci, cikin ƙanƙanin lokaci tukunya za ta wuce wannan zafin.

Jan ƙarfe zalla ake yin tukunya da shi, bututu marar ɗinki mai kaurin milimita 1.5 ko fiye ga wannan girman, a liƙe da tsinken azurfa, irin mai azurfa kashi 55 cikin 100, wanda sai zafi ya wuce digiri 600 yake narkewa. Tagullar nan mai ruwan ɗorawa, wadda haɗin jan ƙarfe da tutiya ce, ba a yin jikin tukunya da ita, domin ruwan zafi yana cinye tutiyar a hankali ya bar ƙarfen ya yi rauni, ido kuwa ba ya ganin komai sai ranar da ta ba da kai. Ko 'yan zobban da ake ɗaura geji da bawul a kansu, da tagullar haɗin kuza ake yi. Akwai kuma wani tarko da na san zai same ka a kasuwa: idan ka ce kana neman tsinken liƙin jan ƙarfe, za a miƙo maka irin na masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki. Wannan akwai sinadarin fosfaros a cikinsa. Yana da kyau ga aikinsu, amma masu gwajin tukunya ba sa karɓar tukunyar da aka liƙe da shi, don liƙin yana iya yin gautsi inda hayaƙin wuta ke lasarsa.

In da shawarata za ka bi, tukunyarka ta farko saya za ka yi, wadda ta zo da takardar gwaji. Duk sauran jirgin ka yi da hannunka.

Ko saya ka yi ko ƙerawa, sai an gwada. Ƙungiyoyin masu wannan sha'awa a Ingila suna da ƙa'ida mai sauƙin ganewa, kuma ita nake ba kowa: sabuwar tukunya a cika ta da ruwa maƙil, ba ko ɗigon iska, a cire bawul ɗin tsaro a toshe gurbinsa, a matsa da famfon hannu har matsi ya ninka na aiki sau 2, a bar shi 'yan mintoci ana dubawa ko akwai zufa a wurin liƙi ko wani wuri ya kumbura. A gwaje-gwajen da za su biyo baya, sau ɗaya da rabi ya isa. Da ruwa ake yi don ruwa ba ya matsuwa, in tukunyar ta gaza sai dai ta tsirta ruwa, matsi ya faɗi, shi ke nan. In da iskar famfon mai faci ka gwada ta gaza, tarwatsewa za ta yi a fuskarka. Bayan gwajin ruwa sai na wuta: a mayar da bawul ɗin tsaro, a buɗe wuta iyakarta, a rufe hanyar inji, a ga ko bawul ɗin zai buɗe a inda aka saita shi, kuma allurar geji kada ta wuce matsin aiki da fiye da kashi 10 cikin 100.

Abubuwa uku ba a raba tukunya da su: bawul ɗin tsaro, gejin matsi, da gilashin da ke nuna inda ruwa ya tsaya. Gejin a ɗaura shi a kan lanƙwasasshen siririn bututu, don ruwa ya taru a gwiwar ya kare shi daga tururi. Tukunya a tsaye ta fi kyan gani, ita ake gani a hotuna sanye da tsinkayen katako da ɗamarar tagulla, amma tana ɗaga nauyi sama. Wadda ke kwance ta fi zama lafiya a jirgi mai mita 1. Katakon da ake naɗa mata kuma ba ado kawai ba ne, yana riƙe zafi, yana kuma kare yatsu.

Sai inji. Ga mai rimot, magana ɗaya ce: silinda 2, kowacce tururi na tura fistan ɗinta gaba da baya, kuma an saita hannuwansu da tazarar digiri 90. Dalili shi ne injin silinda 1 yana da wurin da in ya tsaya a nan ba ya tashi sai an taɓa shi da yatsa, kai kuwa kana bakin ruwa, jirgin na tsakiyar tafki. Mai 2 duk inda ya tsaya, ɗaya daga cikin fistan ɗin tana wurin da za ta iya turi. Mafi sauƙi shi ne irin wanda silindar kanta ke rangaji tana buɗe ƙofar tururi tana rufewa. Bawul ɗaya ne ke ba shi gaba da baya da ƙarin gudu, don haka sarbo ɗaya, wato ɗan injin da ke motsa bawul da umarnin rimot, ya ishe shi. Yana da ɓarnar tururi kaɗan, amma ba ya ba da wahala. Masu bawul mai zamiya sun fi tattali, sun kuma fi daɗin kallo, sai dai suna son sarbo 2, ɗaya na gudu ɗaya na juya akala. Injin TVR1A na kamfanin Graham da ke Amurka yana zuwa a warwatse, an gama sassaƙa komai, kai dai ka ɗaura. Saito na Japan suna sayar da inji da tukunyarsa. Za ka ji ana yawan yabon D10 na Stuart, injin Ingila mai silinda faɗin milimita 19, kuma ya cancanci yabon, amma shan tururinsa ya fi ƙarfin tukunyar da za ta shiga jirginka, kuma in zubin ƙarfensa ka saya sai kana da injin sassaƙa ƙarfe da hannun amfani da shi.

Wuta yawanci ta gas ce, kuma a nan ne abin da za ka karanta daga Turai zai iya ɓatar da kai. Su damuwarsu sanyi ne: gas ɗin butan in yana fita daga tanki yana sanyaya tankin, matsi ya faɗi, wuta ta yi rauni, shi ya sa suke haɗa shi da furofan kashi 30 cikin 100, har suna matso da tankin kusa da tukunya don ya ji ɗumi. Kai da za ka sa jirgi a ruwa a Kano ko Maraɗi a watan Afrilu, matsalarka akasin haka ce. Matsin butan a digiri 40 ya ninka na digiri 20 har ya wuce, na furofan kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Butan zalla ya ishe ka, irin wanda ake ɗura wa laita. Kada ka ɗura gas ɗin girki a ƙaramin tanki, don ba ka san yawan furofan ɗin da ke ciki ba. Tankin ya yi nesa da tukunya, ka yi masa inuwa, kuma a waje ake cika shi, ba a cikin jirgi ba. Gas ya fi iska nauyi, duk wanda ya zuba sai ya kwanta a ƙasan jirgin yana jiran ashana. Ka kuma sani da rana tsaka harshen wutar gas ba ya ganuwa. Da kunne ake sanin tana ci, ko ka ɗora tafin hannu can sama da bututun hayaƙi ka ji hucin.

Ƙa'idar da ta fi kowace a aikin nan ita ce gas ya riga ruwa ƙarewa. Ka gwada wannan a kan tebur da agogo kafin jirgi ya ga ruwa: cika tukunya zuwa kashi 3 cikin 4, kunna, bar inji na gudu, ka ga minti nawa ruwan ke yi kafin ya sauka ƙasan gilashi. Tukunya mai rabin lita takan ba da wajen minti 20, gwargwadon injin. In ya ba ka 20, to ka riƙa ɗura gas na minti 15, ko ka dawo da jirgin a 15. Kada ka cika tukunya har wuya don ƙarin lokaci, tururin zai rasa wurin taruwa, ruwa ya bi bututu ya shiga silinda, inji ya riƙa shaƙewa yana tofar da ruwa ta bututun hayaƙi.

Ruwan ma zaɓa ake yi. Na rijiya da na burtsatse a wurare da dama suna barin farin ɓawo a cikin tukunya, ɓawon ya hana zafi ratsawa, ya toshe hanyar gilashi har gilashin ya riƙa yi maka ƙarya. Ruwan sama da aka tace da ƙyalle mai laushi ya fi, ko tataccen ruwa irin na batirin mota, muddin ka tabbata ba a sa masa asid ba. Ruwan tafkin da jirgin ke kai kuwa ko kusa.

Akwai wasu ƙananan kaya biyu da sabon shiga ke mantawa. Na farko ɗan kurtun mai ne da ake ɗaurawa a kan bututun tururi dab da inji. Aikinsa da ban sha'awa: tururi kaɗan yana shiga ciki ya huce ya koma ruwa, ruwan ya nutse ƙasa, man ya taso sama ya bi tururi ɗigo-ɗigo zuwa silinda. Babu famfo, babu komai mai motsi. Man tururi na musamman yake so, mai kauri, lamba 460 ya fi yawa a hannun masu wannan aiki. Baƙin man mota ba ya yi, tururi yana wanke shi ya bar silinda a bushe. Na biyu gwangwanin tarkon mai ne a hanyar fitar tururi, wanda ke riƙe man da ruwan da ya huce ya bar tururi tsantsa ya fita sama. In babu shi jirginka zai yi ɗamo-ɗamo da mai, kuma za ka bar maiƙo a ruwan da dabbobin mutane ke sha. A nan kam gwangwani da dalma sun halatta, tunda bakinsa a buɗe yake, matsi ba ya taruwa.

Duk waɗannan ka ɗaura su a kan faranti ɗaya na alminiyam mai kaurin milimita 2 ko 3, wanda noti 4 za su riƙe a jirgi. Ranar gyara sai ka ciro shi gaba ɗaya.

Yanzu ɗauko katakonka. Lissafin mai sauƙi ne: lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, kuma jirgi yana nutsewa ne har ya ture ruwa daidai nauyinsa. Jirgi mai tsawon santimita 100, faɗin 25, da zai nutse santimita 7, in da akwati ne zai ture lita 17 da rabi. Da yake gaba da baya a tsuke suke, ƙasa kuma a zagaye, abin da ya rage bai kai rabin haka ba, wato kilo 7 zuwa 8. Cire 3 na kayan tururi, cire 2 na gangar jirgi, cire na batir da sarbo, sauran ka cike da dalma a can ƙasa kusa da ƙashin baya. Kada ka rage faɗin don neman kyan siffa, siririn jirgi da tukunya a ciki kifewa yake.

Siffar da na fi ba mai farawa ita ce buɗaɗɗen jirgin shaƙatawa irin waɗanda attajiran Ingila ke yawo da su a tafkin Windamiya a ƙarshen ƙarni na 19. Nemi hoton Branksome, wanda aka ƙera a 1896, yana nan har yau a gidan adana jiragen da ke bakin tafkin. Ba don kyau kaɗai aka fi kwaikwayon irinsa ba: samansa a buɗe yake, wuta na samun iska, zafi na fita, hannu na shiga ko'ina. Kamfanin Krick na Jamus yana sayar da irin wannan siffa a kwali, kamar Alexandra da Victoria, in kana son ganin yadda aka tsara ciki. Na san wani zai so ya kwaikwayi jiragen da suka shigo kogin Kwara, irin Alburkah na 1832 mai ƙafafun tuƙi a gefe. Abin sha'awa ne, amma a bar shi sai jirgi na biyu, domin ƙafafun nan suna son giyar rage gudu, kuma ɗan karkata kaɗan sai ɗaya ta fita daga ruwa.

Ginin kansa aikin kafinta ne, ka kuma riga ka san rabinsa. Haƙarƙari na filawud mai milimita 5 ko 6 a kife a kan allo miƙaƙƙe, tsinkayen katako masu kaurin milimita 2 ana liƙawa ɗaya a dama ɗaya a hagu don kada jirgin ya murɗe, a goge, a shimfiɗa siririn ƙyallen faiba da gam mai haɗi biyu a waje. Cikin ma a shafe shi da gam ɗin ko'ina, don ruwan zafi da mai za su zuba babu makawa. Ka yanke tsakiyar haƙarƙarin da ke wurin inji don farantin ya sauka ƙasa sosai. Gaba da baya, ƙarƙashin rufi, cusa soso mai tauri irin na cikin kwalin firji, yadda ko jirgin ya sha ruwa ba zai tafi ƙasa da kuɗinka ba.

Farfela kuma manta da abin da ka sani a jirgin batir. Injin lantarki gudu gare shi, shi ya sa yake son 'yar ƙarama. Injin tururi ƙarfin murɗawa gare shi a ƙaramin gudu, don haka babba yake so, milimita 55 zuwa 65, mai kunne 3 ko 4 masu zurfin karkata. In ka sa masa ƙarama zai yi ta ihu a banza, ya shanye tururin cikin 'yan mintoci, jirgin kuwa na jan ciki. Tun a zane ka bar mata wuri a bayan jirgi. Sandar farfela ta zo daidai da sandar inji iyakar iyawarka, ka haɗa su da gaɓa mai lanƙwasa, ka sa zobe a bakin bututun sandar don turin farfela ya tsaya a nan, kada ya isa inji. Gudun da ake nema ma ba shi da yawa. Jirgin gaske mai kilomita 11 a awa, in an rage shi kashi 1 cikin 10, gudun da zai yi kama da nasa kilomita 3 da rabi ne, tafiyar mutum a ƙasa ba gaggawa.

Rimot ba sabon abu ba ne a ruwa, tun 1898 Nikola Tesla ya nuna jirgin da ake sarrafawa ba waya a birnin Niyok. Naka na yau mai gigahaz 2.4 ya wadatar, ya ma fi tsofaffin masu megahaz 27 da gogar ƙarfe da ƙarfe ke rikita su. Ka nemi mai hanya 4: allon tuƙi, gudu, gaba da baya in injin na buƙata, sai ta huɗu wadda mutane ke ba usur, ni kuwa nake ba bawul ɗin kashe gas. Usur daɗi gare shi, amma ranar da leda ko kainuwa ta naɗe farfela a tsakiyar ruwa, inji ya tsaya wuta na ci, ko iskar hunturu ta hure wutar, gas na ta zuba, usur ba abin da zai yi maka. Ka saita na'urar karɓar saƙo yadda in sadarwa ta yanke, da kanta za ta rufe tururi ta rufe gas. Ka gwada hakan ta kashe rimot ɗin da gangan a kan tebur, ka ga sarbo sun koma inda ka ce. Na'urar da batir su zauna a akwati can baya, nesa da zafi, eriya a sama da layin ruwa kuma ba a bayan tukunya ba, don wannan zangon ba ya ratsa ruwa ko ƙarfe. Sandar da ta taso daga sarbo zuwa bawul mai zafi a sa mata gaɓar roba mai jure zafi ko katako a tsakani.

Kafin tafki, sa jirgin a babban baho da tukunya cike, ka daidaita dalmar har ya zauna sak, ka danna gefe ɗaya ka saki ka ga ya miƙe da sauri. Ranar fita ka zaɓi safiya marar iska da ruwa marar ciyawa, wanda ka san zurfinsa. Rimot ake fara kunnawa, sannan jirgi. Mai a kurtu, ruwa a tukunya, a hure cikin jirgin, sannan wuta. Cikin minti 5 zuwa 10 allura za ta tashi. Buɗewar farko inji zai yi gardama, don tururi ya tarar da silinda da sanyi ya koma ruwa. Kada ka tilasta shi, yi ta ba shi gaba da baya a hankali har ya tofar da ruwan ya kama sautinsa. Zagayen farko ka yi shi kusa da gaɓa, ka dawo da shi bayan minti 5 ka duba gilashi. In kuma ya maƙale a nesa, kashe gas ka jira iska ta kawo shi ko ka nemi mai kwalekwale, kada kai ko wani yaro ya faɗa ruwa don jirgi.

In an tashi, rufe gas, bar tukunya ta huce da kanta, ka ɗan kwance murfin zuba ruwa bayan matsi ya sauka sifiri, in ba haka ba tana hucewa za ta zuƙo mai daga kurtu zuwa cikinta. Zubar da ruwan kurtun da na tarkon mai, ɗiga mai a duk gaɓar da ke motsi, juya injin da hannu sau kaɗan, ka ajiye jirgin a buɗe a inuwa har cikinsa ya bushe.